Kafin a Taɓa Kan Ɗan Fari

Lyon, 11 ga Janairu 2004

Zuwa ga taubashiyata Sahiya, malamar lakwal a Birnin Konni,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Ƙasimu da yara. Ina fama da 'yan lakwal? Allah ya sa har yanzu suna tsoronki, don ban san abin da za ki koya musu ba ranar da tsoron ya ƙare. Mu nan sai godiya, in ban da sanyi. Maiɗakina Ramatou tana gaishe ki, ta ce yajin da kika aiko ya ƙare tun cikin azumi.

Kin ga wasiƙar nan da na'ura na buga ta, da yatsa ɗaya. Ba gayu ba ne. Rawar hannun nan da kika yi ta yi mini tsiya a kanta zuwana na ƙarshe, kina cewa shayin Turawa ne ya yi mini yawa, ta girma. Likitoci suna kiran abin ciwon Parkinson. Wani wuri ne can cikin ƙwaƙwalwa mai daidaita motsin jiki ya gaza. Na daɗe ina shan ƙwayoyi, da farko sun yi mini aiki, yanzu kuwa sai su riƙe ni ɗan lokaci su sake. In sun sake ni jikina ya ƙage, ko juyawa a gado sai an taimaka mini. In sun kama kuma, hannu da wuya su yi ta fizga ba da izinina ba. Na bar aiki a gidan buga littattafai tun bara.

To, akwai wani aiki da ake yi a asibitin garin nan, kuma sun auna ni sun ce na dace da shi. Za a huda ƙoƙon kai wuri biyu, a zura siraran wayoyi har zuwa wurin da ya gaza, wanda bai kai ƙwayar wake ba. Sai a bi da wayoyin ta ƙarƙashin fata, ta bayan kunne, zuwa wani ɗan akwati mai batir da za a dasa a ƙirji. Shi zai riƙa aika ɗan kuran kaɗan, wato wutar lantarki, dare da rana, ya kwantar da rawar. Ba ya warkar da ciwon, sauƙi yake kawowa. Akwai haɗari kuma, ba su ɓoye mini ba. Ina farke za a yi, don su riƙa tambayata suna gwada hannuna. In an gama har wani ɗan abu za a ba ni kamar telekomand na talabijin, a kunna ni a kashe ni. Kada ki sa rai, ba zan ba ki riƙonsa ba.

Abu ɗaya ya rage. Ba zan miƙa kaina a huda ba Inna ba ta yarda ba. Kin san ni ɗan fari ne. Ba ta kiran sunana, ba ta zama mu yi hira, ko ta talho aka haɗa mu sai ta ce lafiya lau ta miƙa wa na kusa da ita. Da Kawu, mahaifinki, yana da rai shi zan aika. Yanzu ke kaɗai ke shiga ɗakinta ki faɗi abin da kika ga dama ta ƙyale ki. In kin je Badaguishiri sallar layya, ki faɗa mata, ki rubuto mini abin da ta ce. Likita yana jiran amsata kafin ya sa rana.

Naki, wanda kike kira bawa alhali shi ne ubangidanki,
Moctar

Birnin Konni, 9 ga Fabrairu 2004

Zuwa ga bawana Moctar,

Gaisuwa da fatan alheri, da barka da salla. Muna lafiya ƙalau. Malam Ƙasimu ya yi mura ya warke, autata ta fara tafiya tana ja mini kwanoni. Ka gaishe da Ramatou da ɗanku Bilal, ka ce mata yaji yana hanya, ita zan aiko wa ba kai ba.

Wasiƙarka ta iso ana jibi salla. Kai Moctar, Allah ya shirye ka! Na karanta a buron daraktan lakwal ina dariya har sai da ya leƙo ya ga ko lafiya. Wallahi wannan ta fi ta karnukan da ka ce suna zuwa lakwal da jaka a wuya. Ta fi ta jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin teku, wadda marigayi Baba ya rasu bai yafe maka ita ba. Mutum da batir a ƙirji kamar tocila! Shekarunka a ƙasar nan ba su ƙara maka komai ba sai gwanintar tsara zance.

Saƙonka kuwa na kai, kada ka ce uwargijiyarka ba ta cika aike. Washegarin salla muna tsakar gidan Gwaggo, Innarka, ana suyar nama, mata sun cika, ƙanenka Dogo ya dawo daga garkar albasa yana zaune a kan turmi. Na ce a yi shiru, ɗan Faransa ya aiko da labari. Na karanta musu tun daga hudar kai har zuwa telekomand. Matar Dogo ta yi dariya har da ƙwalla. Shi kuwa ya ce: “Ku ce shi taho gida, in batir nai ya mutu mu jona shi ga injin ban ruwa.” Wata tsohuwa ta tambaya ko za a iya rage maka murya da abin, na ce wannan shi ne amfaninsa na farko.

Gwaggo dai ka san ta in an kawo zancenka. Ta ajiye wuƙar da take yankan nama da ita, ta ɗauki butarta ta shige ɗaki ta saki labule. Har na kamo hanyar Konni ba ta sake tayar da maganar ba. Ta ɗan rame, amma tana zuwa kasuwa da ƙafarta, kuma har yanzu ita ke raba wa kowa aiki a gidan.

In hannun yana damunka da gaske, ka rage shayi, ka zo gida hutun bakans a yi maka ƙaho, ka sha furar gero ta kirki. Shekara biyar ba ka taka ƙasar nan ba, ai dole jiki ya yi ƙorafi. Ina kewarka duk da halinka, amma kada ka faɗa wa kowa na ce haka.

Uwargijiyarka har abada,
Sahiya

Lyon, 2 ga Maris 2004

Sahiya,

Ina gaishe ki da mutanen gida. Na ji daɗin labarin auta. Jikina yana nan yadda yake.

Na gode da kika kai saƙo. Na san ki, ko a gidan makoki sai kin yi wasa don ki rage wa mutane nauyi, saboda haka na tsallake wasan na ɗauki maganar. Inna in ta yarda da wani abu a kaina, takan ce “to”, ko da ta bayan labule ne. Haka ta yi da zan tafi lakwal a Tawa, haka ta yi da zan zo nan. Tun da ta tashi babu “to”, na fahimta. Ban yi fushi ba. Kan nan ita ta haife shi, ta fi ni iko da shi.

Na faɗa wa likita ya ba wani wurina. Kada ki sake tayar mata da zancen, kada hankalinta ya tashi.

Moctar

Lyon, 24 ga Maris 2004

Zuwa ga Yaya Sahiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ke da Malam da yara, da fatan zafin bana ya zo muku da sauƙi. Yaji ya iso, Allah ya saka da alheri. Ni da Bilal muna lafiya.

Yaya, ni ce Ramatou. Ban taɓa rubuta miki da hannuna ba, sai dai in sa a gaishe ki. Baban Bilal ya san ina wannan rubutu, ya ce in bari, ban bari ba. Ni ba taubashiyarki ba ce, babu wasa tsakanina da ke, saboda haka ki karɓi abin da zan faɗa yadda na faɗe shi.

Na karanta wasiƙarki sau da yawa. Shi ya ga ƙin Inna a cikinta. Ni kuwa abin da na gani shi ne ba ki yarda ba ne tun farko, kin zaci irin labaransa ne. Ban ga laifinki ba, don ya saba muku da haka, kuma ko a wasiƙar ciwonsa bai iya haƙura da tsokana ba. Amma wallahi duk abin da ya rubuta gaskiya ne.

Mutumin da kika sani ba shi ne a gidan nan yanzu ba. Ni nake sa masa maɓallin riga. Ni nake ba shi abinci a baki in ƙwayar ta sake shi. Salla a zaune yake yi. Wani lokaci yana tsakiyar tafiya ƙafafunsa su manne da ƙasa, ya tsaya a bakin ƙofa yana gumi, ya kasa gaba ya kasa baya. Makon jiya ya faɗi a banɗaki ya fasa gira. Muryarsa ta yi ƙasa, shi ya sa ya daina kiranku ta talho a telesantar, ba rowar kira ba ce kamar yadda kike yi masa gori.

Aikin kuma na gan shi da idona. Da muka je asibiti sun haɗa mu da wata dattijuwa da aka yi wa bara, da yardarta. Likita ya kashe akwatin da ke ƙirjinta, ba a jima ba hannunta ya fara kaɗawa har zobenta yana buga kujera. Ya kunna, muna kallo hannun ya kwanta a cinyarta. Ta ɗauki kofin ruwa ta sha.

Da ya ce a ba wani wurinsa, na koma wajen likita ni kaɗai na roƙe shi. Na yi masa bayanin uwa da ɗan fari, ban sani ba ko ya gane, amma ya ce zai riƙe masa wurin zuwa ƙarshen watan Yuni. In ya wuce, sai ya koma bayan layi, layin kuma dogo ne, ciwon ba ya jira. Ya ce akwai matakin da in an kai, aikin ba ya yiwuwa.

Ina roƙonki don Allah ki koma Badaguishiri. Ki same ta ita kaɗai. In ta ƙi bayan ta ji gaskiya, za mu haƙura, ni ma ba zan so a taɓa shi ba da yardarta ba. Amma a tambaye ta tukuna.

Ƙanwarki,
Ramatou

Birnin Konni, 18 ga Afrilu 2004

Zuwa ga ɗan'uwana Moctar,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki, sannun da ya kamata in yi tun watan Janairu. Allah ya ba ka lafiya. Mu nan kowa lafiya, sai zafi. Ka ce wa Ramatou Allah ya yi mata albarka, ta fi mu hankali ni da kai in an haɗa.

Ƙaramar wasiƙarka da ta zo, cewa na yi ka ci gaba da wasan ne, har na ajiye ta ina shirya maka amsa mai zafi. Sai ga ta Ramatou. A bakin gidan waya na buɗe ta, a nan na zauna a kan dakali ina kuka kamar yarinya, mutane suna wucewa suna yi mini gaisuwar rasuwa. Na tsaya a gaban mata na mai da ciwonka abin dariya, a gaban uwarka. Ka yafe mini. Kai ma kuma Allah ya isa tsakanina da bakinka, wa ya ce ka sa zancen telekomand a irin wannan wasiƙa?

Washegari na roƙi darakta, na ɗauki rediyon lakwal mai kaset, na shiga mota. Mun daɗe a Tsarnawa ana jiran fasinja, ban sauka ba ko ruwa ban saya ba. Na iso Badaguishiri bayan azahar, gidan shiru, Dogo da matarsa suna garka. Gwaggo tana rumfa tana tsintar kauɗar tumatir a faifai. Ta dube ni, ta dubi rediyon, ta ce: “Ba salla ba, ba suna ba. Mu shiga ɗaka.”

Na durƙusa na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

“Ke ɗai kika yi dariya da zuciya guda,” in ji ta. “Ni tun randa wancan ya zo, na ga shina shan hura da hannu biyu, shina ɓoye na dama cikin riga. Na sani ba shayi ba ne.”

Na ce: “Gwaggo, to don mi ba ki ce komi ba rannan?”

Ta ce: “In ce mi? Gaban surukai, ana ƙyalƙyata? Ni in buɗe baki bisa zancen ɗan fari tsakar gida? Na shigo nan ina jiran ki biyo ni. Har kika tahi ba ki biyo ba.”

Moctar, tun daga salla matar nan take jira. Ba ta iya tambayar kowa labarinka, ba ta iya aike a kira ni a kanka. Dogo ya ce mini daga baya tun ranar ba ta cin abincin kirki, su suna zaton zafi ne.

Na karanta mata wasiƙarka ta farko a hankali, na tsallake shirmenka, sannan na karanta ta Ramatou duka. Da na zo wurin maɓallin riga ta juya fuska bango. Na faɗa mata haɗarin ban rage ba, cewa jini yana iya zuba a cikin kai, ana iya rasa magana, ana iya rasa rai, ko da yake ba kasafai ba. Na faɗa mata ba warkewa ba ce.

Can ta ce: “Su masu hudawa, sun taɓa yi ma wani ya tashi?”

Na ce sun yi wa mutane da yawa, Ramatou ta ga ɗaya da idonta.

“Kin ce ido nai biyu za a yi?”

Na ce haka ne.

“Gara haka. Shi yi ta salati.” Ta gyara ɗankwalinta, ta ce: “Yarinyar mutane ta gaji da ɗawainiya ita ɗai. Ki ce mishi to.”

Ka ji, Moctar? Ta ce to. Na sa ta maimaita, ta harare ni ta ce ita ba 'yar lakwal ba ce.

Sai na jawo rediyo na ce ta faɗa maka da bakinta ka ji. Nan fa ta ƙi ƙememe, ta ce ba ta taɓa yi ba, ba kuma za ta fara da tsufanta ba. Na yi magiya na gaji. Da aka kira la'asar ta yi salla, tana zaune a kan buzu ta ba ni baya, sai ta ce: “Ni addu'a za ni yi ma marasa lahiya da ke ƙasar wasu. In kin aje rediyonki nan, ruwanki.” Na danna. Kaset ɗin yana cikin ambulan ɗin nan, na naɗe shi da ƙyalle. Za ka ji akuya tana kuka a tsakiya, da wani sheshsheƙa, wannan ni ce.

Gobe zan je telesantar in kira Ramatou don kada ku jira gidan waya. Ka koma wajen likitanka tun kafin in zo in ja ka da kunne. Ban ba ka izinin mutuwa ba, bawa ba ya tafiya sai uwargijiyarsa ta sallame shi.

Taka,
Sahiya

Lyon, 25 ga Yuli 2004

Zuwa ga uwargijiyata Sahiya, na yarda yau kaɗai,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan damina ta sauka lafiya, gero ya yi kyau a Dogarawa da gonar Malam. Ramatou da Bilal suna gaishe ki. Kin riga kin ji ta talho cewa an yi aiki na tashi. Yanzu ga labarin a tsanake, kuma na rantse babu ƙari ko ɗaya.

An yi mini aski tal kwabo, aka ɗaure kaina cikin wani ƙarfe don kada ya motsa. Hudar ba zafi, sun kashe wurin, sai dai ƙarar, kamar an kawo injin niƙan kasuwar Badaguishiri an ajiye a cikin kunnena. Na yi ta salati yadda aka umarce ni. Da wayar ta yi nisa sai suka kunna wata na'ura, na ji wani ƙara kamar yayyafi a kan kwano. Likita ya ce muryar ƙwaƙwalwata ce, da ita suke gane sun iso wurin. Na ce ashe dai akwai wani abu a ciki, a rubuta mini shaida in kai wa wata malama a Konni.

Wata likita tana riƙe da hannuna na dama tana lanƙwasa shi, yana ta rawarsa. Aka ce za a saki kuran. Sahiya, sai na ji hannun ya saki. Ya kwanta a tafinta shiru. Na ɗaga shi ina kallo kamar na wani. Hawaye suka gangaro mini cikin kunne, ga kai a ɗaure, ba halin sharewa.

Kada ki zaci na koma saurayi. An yi makonni ana daidaita ƙarfin abin, wata rana ya yi yawa, wata rana ya yi kaɗan. Maganata ta ɗan yi nauyi, wanda na san zai faranta miki rai. Rubutun hannu bai dawo ba tukuna. Har yanzu ina shan ƙwayoyi, amma an rage su sosai. Batir zai yi 'yan shekaru kafin a canza, ki faɗa wa Dogo ya bar injinsa ga albasa. Ciwon yana nan, sun ce zai ci gaba da tafiyarsa a hankali. Amma ina cin tuwo da hannuna, ina zuwa masallaci da ƙafata, Ramatou tana barci har safe.

Kaset ɗin kuwa, tun da ya iso kullum sai na saurara. Ban taɓa jin muryar Inna ta yi tsawo haka a kusa da ni ba. Sai dai kafin aiki amin kawai nake iya cewa. In na ɗaga hannu in karɓi addu'ar, sai su yi ta karo da juna, dole Ramatou ta riƙe mini su. Ranar Juma'ar nan da ta wuce na sa kaset ɗin ina ni kaɗai a ɗaki. Na ɗaga hannuwana biyu. Kin san Inna ba ta gajarta addu'a, ta bi marasa lafiya na gabas da na yamma, ta bi matansu da 'ya'yansu, ta bi masu yi musu magani. Hannuwan suna nan a buɗe, ba su motsa ba har ta kai fatiha.

In kin je Badaguishiri, ki bi ta ɗaki, ki saki labule. Ba sai kin ambaci sunana ba. Ki ce mata wancan ya karɓa da hannunsa, ya shafa.

Naki,
Moctar